Kwana Uku a Bakin Teku: Abin da Ɗan Kogi Ya Gano a Badagiri

Duk yaron da ya yi nisa a makarantar firamare ya san ƙasarmu ta yi iyaka da teku daga kudu. Malam ya zana masa taswira a allo, ya shafa shuɗin alli a ƙarƙashinta, ya ce ga Tekun Atilantika nan, tsawon gaɓarmu kuwa ya kai kilomita 850, tun daga iyakar Jamhuriyar Benin har zuwa ta Kamaru. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, watakila shi ma ya zama malami ko akawu, har ya tsufa bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu faɗi ba. Wannan ba abin zargi ba ne, gama tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar kilomita 1,000 ko fiye.

Amma akwai wani abu a ciki da ya kamata a faɗakar da jama'a. Mutanenmu na zuwa Ikko kullum, wani kos ya kawo shi, wani taro, wani fatauci, kuma da wuya ka sami wanda zai so ya koma gida bai je ya ga teku ba. Akan sami waɗanda suka iya iyo a kogi, su ga ruwa ya ba su sha'awa, su tuɓe su shiga, sai dai a aika wa iyalinsu da labari. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, labarin wata 'yar tafiya da aka yi zuwa bakin teku, da abin da aka koyo daga masuntan wurin.

Baƙo daga Yawuri

Cikin hutun makaranta na watan Disamba wani abokina ya kawo mini ziyara a Ikko. Malamin makaranta ne, mutumin Yawuri, jinin Sarkawa, wanda ya buɗe ido ya ga kansa a bakin Kogin Kwara. Tun bai fara zuwa makarantar allo ba ya iya riƙe filafili, kuma ko da ya zama malami bai yar da sana'ar gidansu ba, don in aka tashi daga makaranta sau da yawa yakan ɗauki birgi ya nufi ruwa. Da ya huta gajiya na tambaye shi abin da yake so in nuna masa, ko manyan gine-gine, ko tashar jiragen ruwa ta Apapa. Sai ya ce, "Malam, shekara da shekaru ina gaya wa yara ruwan garinmu teku yake tafiya. So nake in je in kwana a bakinsa, in ga yadda mutanensa ke su, don in na koma in faɗi abin da idona ya gani."

Muka shirya kaya. Muka aro ƙaramin tanti, muka ɗauki tabarmi biyu da gidan sauro, da bargo, da tocila, da buta da tukunya, da shinkafa da man gyaɗa da albasa da yaji, da kayan shayi, da jarka biyu na ruwan sha. Shi kuwa ya ƙulle birginsa da fatsarsa cikin buhu, waɗanda ashe tun daga gida ya taho da su. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka shiga mota muka nufi yamma, zuwa Badagiri, wadda ke kimanin kilomita 60 daga Ikko, kusa da iyakar Benin.

Garin da ya haɗa gaɓa da Arewa

Badagiri tsohon gari ne na mutanen Egun, sarautar sarkinsu kuwa Akran ake ce da ita. Garin bai zauna a bakin teku sosai ba. Tsakaninsa da teku akwai wani dogon ruwa kwantacce, mai ɗan gishiri-gishiri, wanda ake kira lagun. In ka ƙetare shi sai ka hau wani siririn tudun yashi cike da itatuwan kwakwa, bayansa ne teku yake. Sashen da ke fuskantar garin ana kiransa Gberefu.

Duk malamin da ke koyar da tarihi ya san sunan garin nan. Daga nan ne Kyaftin Kilafaton da baransa Landa suka tashi cikin Disamba na 1825, suka keta ƙasar Yarbawa da Nufe har Kano da Sakkwato, wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can kuwa Kilafaton ya rasu cikin Afrilu na 1827. A 1830 Landa ya komo tare da ƙanensa, suka sake tashi daga Badagiri suka isa Busa, suka haura Yawuri suka yi makonni a can, sa'an nan suka gangara Kwara cikin kwalekwale har suka fita teku cikin Nuwamba. Da wannan tafiya ne Turawa suka tabbatar da inda Kwara ke zuba ruwansa, abin da suka daɗe suna gardama a kai. Da abokina ya tsaya a bakin lagun sai ya ce, "Ashe hanyar da baƙin kakanninmu suka biyo, ita na biyo da baya."

Akwai kuma tarihi mai ɗaci. Badagiri na cikin kasuwannin bayi na wannan gaɓa, kuma ko da Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, an ci gaba da shi a nan shekaru masu yawa. Har yanzu ana nuna wa baƙi sarƙoƙi da mari, da ɗakunan da ake tsare bayi, da hanyar da ake kora su ta cikin Gberefu zuwa bakin teku. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan yanki akwai Hausawa da yawa, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yi bore a 1807 da 1809 da 1814. Wannan hanya muka bi da ƙafa bayan mun ƙetare lagun, kowa da kaya a kā, ba mai cewa uffan.

Gaisuwa kafin kafa tanti

Kafin mu ƙetare mun biya wurin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna garin, suka haɗa mu da wani saurayi mai cinikin kifin banda, wanda ke jin harshen masuntan, ya zama tafintanmu. Shi ya hana mu shiga kwalekwale sai da kowa ya ɗaura rigar ceto, yadda hukuma ta umarta, shi ne kuma ya kai mu gaban mai unguwar masunta, muka gaishe shi da goro da 'yar alheri, muka faɗi abin da ya kawo mu. Mai unguwa ya yi mana maraba, ya danƙa mu a hannun wani dattijo wanda ya ce ya tsufa yana shiga teku.

Tun kafin mu hango ruwan muke jin rugugi kamar hadari na tasowa. Da muka fito daga cikin kwakwa sai ga shi shimfiɗe, ba tsallake, ba tsibiri, ba ko ciyawa ɗaya, raƙuman ruwa na tasowa bi da bi suna faɗuwa kan yashi da farin kumfa. Abokina ya sauke kayansa ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah! Lalle gani ya kori ji."

Muka ga wani wuri mai laushin yashi kusa da ruwa, abokina ya nuna shi. Dattijo ya girgiza kai, ya ja mu baya, ya nuna mana wani dogon layi na tarkace, da ɓawon kwakwa da ƙirare da robobi, wanda ya bi gaɓar iyakar ganin ido. Ya ce nan ne ruwa ya tsaya daren jiya, yau kuwa wata ya cika, zai wuce nan. Ya kuma hana mu kwana ƙarƙashin itacen kwakwa, domin 'ya'yanta na faɗowa da dare, guda ɗaya kuwa ta isa ta fasa kan mutum. A fili tsakanin layin tarkacen da itatuwa muka kafa tanti, ya koya mana mu ɗaura igiyoyin a jikin guntayen itace mu binne su da zurfi, gama turke ba ya kama yashi.

Da magariba ta yi muka yi alwala da ruwan teku, don malamai sun tabbatar mai tsarki ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a cikinsa halal ne. Alƙibla a wurin tana gabas maso arewa, watau in ka tsaya salla teku na hannunka na dama. Ruwan sha kuwa, abin mamaki, masuntan na samunsa daga gajerun rijiyoyi cikin yashin nan, ba su da nisa da teku. Dalili shi ne ruwan sama da yashi ya sha bai kai ruwan gishiri nauyi ba, saboda haka yakan kwanta a bisansa. In aka zurfafa rijiya ƙwarai sai a tarar da gishiri.

Ruwa mai bin wata

Wajen asuba muka ji rugugin ya matso. Muka fito da tocila, muka tarar ruwa ya shafe wurin da aka fara nunawa, ya wuce layin tarkacen jiya, ya tsaya 'yan taku kaɗan daga tantinmu. Da hantsi ya yi kuwa sai ya janye ya bar fili mai faɗi, ƙananan ƙaguwa na ta guje-guje a kai.

Abokina ya san wannan a littafi, amma bai taɓa gani ba, gama Kwara da damina yake tafiya, cikarsa da janyewarsa sha'anin watanni ne. Teku kuwa sau biyu yake cikowa ya janye cikin kwana guda, tsakanin cika da cika akwai sa'a 12 da minti 25, don haka kowace rana lokacin yakan jinkirta da kimanin minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkirtawa. Wata ne ke jan ruwan duniya zuwa gare shi, rana ma na ja, amma nata ƙarfin bai kai rabin nasa ba saboda nisanta. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu su biyun kan daidaita, su haɗa ƙarfi, sai ruwa ya cika ƙwarai ya kuma janye ƙwarai. A gaɓar Ikko bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba, amma mita ɗaya a kan yashi mai gangare ya isa ya cinye shimfiɗar mutum. Dattijon nan bai yi karatun boko ba, amma in ka gaya masa kwanan wata, nan take zai faɗa maka sa'ar da ruwa zai cika.

Ɓawon kwakwa ya raba gardama

Da rana ta ɗaga, zafi ya fara, abokina ya tuɓe riga ya ce zai shiga ya yi iyo. Ya duba ya zaɓi wani wuri inda raƙuman ruwa ba su fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta kamar kogi. Dattijo ya taso da sauri ya riƙe masa hannu. Abokina ya ce wa tafinta, "Gaya wa Baba ni Basarke ne, na sha ƙetare Kwara da hannu." Da aka fassara masa, dattijo ya ce, "Gaya wa Malam na yarda. Amma ya dakata ya ga wani abu."

Ya ɗauki busasshen ɓawon kwakwa ya jefa inda raƙuman ke fashewa da kumfa, ba a jima ba ruwa ya turo shi kan yashi. Ya sake ɗauka ya jefa cikin kwantaccen wurin nan. Muna kallo ɓawon ya miƙe ya nufi tsakiyar teku kamar ana jansa da igiya, kafin mu gama mamaki ya zama ɗan ɗigo. Abokina ya mai da rigarsa, ya russuna ya ce, "Baba, na gode. Allah ya saka da alheri."

Ga yadda abin yake. Raƙuman ruwa na tara ruwa a bakin gaɓa ba dare ba rana, tilas ne kuwa ruwan ya sami hanyar komawa. Sai ya haƙa wa kansa kwari cikin yashin da ke ƙarƙashi, ya riƙa kwarara ta nan zuwa ciki da gudun da wani lokaci ya fi na gwanin iyo. Saboda zurfin kwarin ne raƙuman ba su fashewa a kansa, shi ya sa wurin da ya fi kama da lafiya shi ne ya fi hatsari. Ƙarfinsa yakan ƙaru sa'ad da teku ke janyewa, kuma ba ya zama wuri ɗaya, yau yana nan, bayan kwanaki ya koma can. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo gaɓa kai tsaye, gajiya za ta kashe shi. Dabarar ita ce ya kwantar da hankalinsa ya bar jikinsa ya yi ta yawo bisa ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi, sa'an nan ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga kwarin, gama faɗinsa ba shi da yawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kogi, wanda ya san ba a ƙetare ruwa mai gudu a miƙe, sai dai shi a kogi yana ganin inda ruwa ya nufa, a teku kuwa ba ya gani sai an nuna masa.

Jan taru

Ran Lahadi da sassafe muka ga su na teku. Jirginsu babban kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungume guda, aka ƙara masa katako a gefe, da inji a bayansa. Irin waɗannan jirage daga Gana ake kawo su, inda ake sassaƙa su da itacen da suke kira wawa, wasu masuntan ma asalinsu can ne. Fitar da jirgi cikin raƙuman ruwa shi ne aiki mafi wuya. Matuƙi ya tsaya yana lura da su, ya bari manya su wuce, da ya ga sarari sai ya daka tsawa, majiya ƙarfi su tura gaba ɗaya su ɗare ciki. In aka yi kuskuren lokaci jirgi ya kife.

Sun bar bakin igiya ɗaya a gaɓa, suka yi nisa suna zuba taru, suka yi da'ira kamar baka, suka komo da ɗaya bakin can gaba. Daga nan jama'a suka rabu biyu, kowane sashe ya kama igiyarsa, ana ja da baya ana waƙa, wanda ya kai ƙarshe ya saki ya komo gaba ya sake kamawa. Al'adarsu ita ce duk wanda ya sa hannu yana da rabo, ko baƙo ne, don haka mu ma muka naɗe wando muka kama. Mun fi sa'a uku muna ja, sassan biyu na matsowa kusa da juna sannu a hankali, har tafin hannunmu ya yi ja, kafin jakar tarun ta fito kan yashi.

Abokina ya tsuguna yana duba kifin ɗaya ɗaya, ya ce ban da wani mai kama da kurungu, babu wanda ya sani. Mafi yawa bonga ne, da ƙananan farare da Yarbawa ke kira sawa. Akwai wani dogo mai haƙora kamar na kare, ana ce da shi kuta, da wani shimfiɗaɗɗe kamar tafin takalmi wanda idanunsa biyu ke gefe ɗaya, da jatan lande da ƙaguwa. Dattijo ya buge hannun abokina daga wani mai faɗi kamar faifai, ya nuna masa ƙaya mai dafi a wutsiyarsa. Ya kuma ware wani mai kumbura kamar ƙwallo ya ce wannan guba gare shi. Mata suka zo da manyan kwanoni, aka yi ciniki nan take, suka kwashe zuwa murhun banda, inda suke ƙyafe kifin da hayaƙin ɓawon kwakwa. Irin wannan banda ce tafintanmu ke saye yana aikawa kasuwanni. Mu kuwa aka ba mu rabonmu, muka gasa a kan garwashi muka ci da yaji.

Inda ɗan kogi ya nuna gado

Da la'asar muka juya gefen lagun, a nan fa labari ya sake. Ruwan kwantacce ne, ba raƙuma, masuntan wurin kuma da birgi suke aiki cikin ƙananan kwalekwale. Suna da wata dabara ta kakkafa rassan itace cikin ruwa mara zurfi, su bar su watanni, kifi ya taru yana cin gansakukar da ta kama rassan, yana ɓuya a ciki, sa'an nan su kewaye wurin da raga su kwashe. Sun kuma nuna mana ragowar wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda ta fara shigowa Nijeriya ta wannan ruwa a 1984. Da damina takan toshe hanyar jirage, da rani kuwa in gishiri ya ƙaru sai ta mutu.

Abokina ya tsaya a goshin kwalekwale ya gyara birginsa, ya juya ya watsa, ya buɗe zagaye kamar faifai ya sauka bisa ruwa. Da ya jawo sai ga karfasa da warushe suna wutsil-wutsil. Samarin wurin suka yi ta tafi, wasu suka matso suna duba yadda aka ƙulla dalmar birgin, har ya zauna ya nuna musu irin ƙullin Yawuri. Dattijo ya yi dariya ya ce wa tafinta, "Gaya wa Malam, a wannan gefe shi ne babana." Ka ji, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kukan masunta

Da dare muka zauna bakin wuta da dattijo da waɗansu tsaransa, muka dafa musu shayi. Suka ce sa'ad da suke samari jakar taru takan cika har a rasa masu ɗauka, yanzu kuwa sau da yawa abin da ake samu ba ya biyan kuɗin man inji. Mu ma mun gani da idonmu, cikin abin da aka jawo da safe leda da gorunan roba sun yi gogayya da kifin wajen yawa. Suka nuna mana fitilu can cikin teku, suka ce manyan jiragen kamun kifi ne masu jan raga a ƙarƙashi. Dokar su ta teku ta 1992 ta hana irin waɗannan jirage aiki cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, watau wajen kilomita 9, don a bar wa masu kwalekwale, amma sun ce akan sami masu ƙetare iyaka da dare, su yayyaga musu raga, su kwashe har 'ya'yan kifi.

Abokina ya ce musu ko a tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, kukan ke nan, masunta sun yi yawa, raga mai ƙananan idanu ta hana kifi girma. Ya ce musu kuma su ma kansu sai su duba idanun tarunsu, gama ya ga 'ya'yan kifi da yawa a ciki. Suka yi shiru, sa'an nan dattijo ya ce gaskiya ne, amma mai yunwa ba ya jiran gobe. Wannan magana ta shafe mu duka. Ga teku ga koguna Allah ya ba mu, amma kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Kaduna mafi yawansa daga ƙasashen waje ake sayo shi. Leda kuwa da aka yar a kwata, in ruwa ya ɗauke ta ya kai rafi, rafi ya kai kogi, ƙarshenta teku.

Guzurin 'yan makaranta

Ran Litinin kafin mu naɗe tanti abokina ya tara abin da zai kai wa yaransa. Ya auna lita ɗaya ta ruwan teku ya tafasa a tukunya har ta ƙone, sai ga gishiri wajen cokali biyu, daidai da abin da masana suka ce, kimanin giram 35 a kowace lita. Asalin gishirin nan kuwa yawancinsa daga tudu yake. Koguna na narkar da shi kaɗan kaɗan daga duwatsu suna kaiwa teku, rana ta ɗebe ruwan ya zama girgije, gishirin ya zauna. Wannan ne kuma ya sa teku ba ya ambaliya duk da kogunan da ke zuba cikinsa.

Ya rubuta yadda iska ke busowa daga teku da rana, da dare kuma ta juya ta taso daga tudu, saboda ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa. Ya rubuta yadda ya ga jirgi na nisanta, gindinsa ya fara ɓacewa kafin samansa, wanda shi ne shaidar da ake ba yara cewa duniya a dunƙule take. Mutumin da ke tsaye a gaɓa ba ya ganin fuskar ruwa fiye da kimanin kilomita 5, alhali teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na duniya. Ya cika kwalba da ruwan, ya ƙulle yashi da ɓawon dodon koɗi iri iri cikin tsumma, ya ce kowane yaro sai ya ɗanɗana da harshensa.

Shawara ga mai niyya

Wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, to, ya zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da teku ya fi lafawa, gama da damina haukansa ya fi ƙarfin baƙo. Kada ya sauka wurin da ba mutane, kada kuma ya kafa tanti sai ya gai da mai unguwa an haɗa shi da ɗan gari. Ya tafi da ruwan sha isasshe da gidan sauro, ya ajiye ashana da takardunsa cikin abin da laima ba ta shiga, ya shafa wa wuƙarsa mai don iskar gishiri na sa tsatsa cikin kwana guda. Ya ƙetare lagun da rana, da rigar ceto a jikinsa. In ya ga kunkurun teku ya fito yin ƙwai cikin yashi, ya ƙyale shi, doka ta hana taɓa shi. Da zai tashi kuma ya kwashe shararsa ya tafi da ita.

Abin da ya fi duka, kada ya sa ƙafa cikin ruwa sai inda masuntan wurin suka nuna masa, ko da shi ne sarkin ruwan garinsu. Muna roƙon malamai su gaya wa almajiransu wannan sa'ad da suke koyar da labarin ƙasa, shugabannin ofisoshi kuma su gaya wa duk ma'aikacin da za su tura gaɓa. Allah ya kiyaye mu, ya mai da kowane matafiyi gidansa lafiya, amin.